Yadda Muka Kai Jar Saniya Tabkin Madarumfa

Mun tashi da asuba, ni da ƙanena, jar saniyar Inna a gaba, jaki a baya ɗauke da salkar ruwa da ɗan guzuri. Tun da na dawo ake tare ni a bakin masallaci da bakin rijiya ana tambayar yadda muka ƙare, to ga labarin daga farko, kowa ya ji iri ɗaya.

Kun san yadda rani ya yi mana bana. Fara ta sauka a ƙarshen damina ta share saura, ciyawa ba ta yi ba, karan da muka tara ya ƙare tun zafi bai kankama ba. Ban da jaki, saniyar nan ita kaɗai ce babbar dabbar da ta rage a gidanmu, ga ta da tsohon ciki, haƙarƙarinta duk a waje. Wata safiyar sai mun taru mun ɗaga ta kafin ta miƙe. Ƙanena ya so a ba mahauta tun tana da sauran nama a jiki, Inna ta ce ba tana raye ba. Ita ce ta ce mu kai ta Madarumfa wurin aminin marigayi babanmu, wani tsoho daga cikin Anna masu bin addinin kakanni, wanda gidansa ke kusa da tabki. Tsohon na san shi, don yakan zo mana da busasshen kifi da kaka ya koma da gero, amma garinsu ban taɓa takawa ba.

Daga garinmu zuwa garin Sarkin Yamma jigawa ce zalla. Rairayi fari, ƙafa na nutsewa, ba abin da ke tsaye sai sabara da kalgo da tumfafiya. Ita tumfafiya duk gonar da ka ga ta yi yawa, ka san ƙasar ta gaji. Ƙarangiya kuwa ta bushe ta zube, amma ba ta fasa halinta ba, kafin hantsi wandon ƙanena ya zama kamar bayan bushiya. Tafiyar saniya muke yi, ta yi ɗan taku ta tsaya tana haki, mu ma mu tsaya.

Abin da ya rufa mana asiri a wannan yanki gawo ne. Na tashi ina ganin gawo, amma sai da na yi tafiya da dabba mai yunwa na dube shi da kyau. Duk itatuwa sun kaɗe, shi kuwa a lokacin yake kore shar, yana zubar da ƴaƴa masu lanƙwasa kamar kunne. Ƙarƙashin kowane ɗaya akwai awaki a kwance, ƙasar wurin ta fi ta kewaye duhu, kututturan geron bara ma sun fi kauri. Muka tsaya a gindin wani babba muna tsinta, saniya na ci tana lumshe ido. Ƙanena ya zaro gatari zai sare mata reshe, sai wata mata da ke kaɗa ƴaƴan da doguwar gora ta ce, "Malam, tsinci na ƙasa iya son ranka, na sama na mai gona ne." Duk da haka ta kaɗo mana da kanta har muka cika taiki guda.

A Sarkin Yamma muka yi azahar. Rijiyarsu ta fi tamu ruwa, amma zurfinta sai ka ji tausayin mai ja. Damin karan dawa da a da ake ce maka kwashi, yanzu an jera shi a bakin kasuwa sai da kuɗi, fura ma curin da ake saye kuɗi tamma guda ya ƙanƙance. Nan muka haɗu da wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Nasara, da jar hula da takalman ƙarfe a cikin wannan zafi. Ya bi mu har Safo yana ba mu labarin teku, yana yi wa jakinsa tsawa da Faransanci. Jakin bai nuna ya taɓa shiga makarantar lakwal ba. A Safo wani manomi ya sauke mu a zaurensa, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, ya ba saniya harawar wake tafi biyu, abin da a wannan lokaci ya fi ƙarfin godiya.

Da gari ya waye muka gangara gulbi. Wanda bai taɓa fitowa daga jigawa ya faɗa kwarin nan da rani ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Iska kanta ta sake. Ƙasa ta tashi daga fari ta koma baƙa, ta yi nauyi, ta tsattsage. Sabara ta ɓace, sai tsamiya da kanya da ɓaure da gamji, manya-manya, inuwar wannan na taɓa ta wancan, birai na tsalle a sama suna jefo mana ɓawo. Gulbin kansa ba ruwa a ido, yashi ne shimfiɗe. Amma muka ga mata sun durƙusa suna tono da sakaina, kafin hannu ya shige zuwa gwiwarsa ruwa ya tsattsafo, mai sanyi, garau. Mu da muke kwana a bakin rijiya muna jiran abin cika tulu, sai muka tsaya muna kallon juna. Muka tona namu, saniya ta sha, jaki ya sha, muka sha muka wanke fuska.

Gefe da gefe lambuna ne: albasa, taba, rogo, dankali, ga jigon ban ruwa na sunkuyawa yana ɗagowa. Can hayi muna jin ƙugin babbar motar kamyo a kan hanyar Ɗan Issa. Sai dai kowane lambu an kewaye shi da ƙaya, saniyarmu kuwa rabonta da ɗanyen ganye tun kaka. Duk safiyar nan tana ganin kore dama da hagu, muna janye ta. Dabbar da jiya sai an tura ta, yau ita ke jan ƙanena.

Rana ta ɗan karkata muka fito daga cikin wasu manyan kukoki, sai ga tabkin a gabanmu. Na ji labarinsa tun ina yaro, amma a zuciyata na ɗauka babban kududdufi ne. Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya gaji, a tsakiyar rani, a ƙasar da ba a ga ɗigon sama ba tun watanni. Bado ya rufe gefe guda da faffaɗan ganye da fararen furanni. Itatuwa na tsaye da ƙafafunsu a cikin ruwa, balbelu sun lulluɓe su kamar an shanya auduga. Garken kirinjijiya, agwagin nan na ruwa, ya tashi da fito ya kewaya ya sake sauka. Ga zalɓe tsaye shi kaɗai bai ko motsi, ga gauraki biyu suna taku da tukkayensu kamar masu zuwa gaisuwar sarki. Na ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah," ƙanena kuwa bakinsa dai a buɗe.

Tsakaninmu da ruwan akwai fili mai faɗi na busasshiyar laka, ta tsage faranti-faranti, ta yi fari-fari a sama. Bayan filin, daf da ruwa, ga burugu kore shar, ciyawar nan ta bakin ruwa mai zaƙin kara. Iska ta kaɗo ƙamshinta. Saniya ta ɗaga kai, ta fizge igiya daga hannun ƙanena, ta zuba a guje. Ban san tana da sauran wannan ƙarfi ba.

Wata mata da ke tonon tushen bado ta miƙe tana ɗaga hannu tana ihu, "Ku tare ta! Ba nan ba! Ku tare ta!" Ina, ta riga ta yi nisa. Farkon filin ya ɗauke ta. Da ta kai tsakiya sai muka ji ɓurum, ɓawon ya fashe, ƙafafun gaba suka shige. Ta yunƙura, na baya suka bi. Ashe saman ne kawai ya bushe, ƙarƙashi baƙin taɓo ne mai kama da kunu. Na bi ta, ni ma na nutse har cinya, da rarrafe na isa wurinta. Duk yunƙurin da ta yi sai ta ƙara shigewa, har laka ta kai mata ciki. Na rungume kanta na ɗaga don kada hancinta ya taɓa taɓon, ina jin numfashinta da zafi a wuyana.

Matar nan ta yar da ƙwaryarta ta ruga cikin gari. Ba a jima ba mutane suka fara fitowa, maza da mata, wasu da igiyoyin kaba, wasu da zana a ka. A gabansu wani tsoho ne gajere, baƙi, da warki a ƙugu da sanda a hannu. Ya tsaya a bakin filin ya kare ido da tafi, ya ce, "Kai! Wagga ba jar saniyar aminina ba ce?" Saniyar ya fara ganewa kafin ya gane mu.

Na ce, "Ita ce, Baba. Wurinka muka kawo ta."

Ya ce, "To kun kawo ta. Kar ka saki kanta, ɗana, kar kuma ka bari ta yi ta yunƙuri. Rufe mata ido."

Na cire rigata na rufe mata fuska, ta ɗan lafa. Aka fara shimfiɗa zana bisa zana tun daga inda ƙasa ke da ƙarfi, ana jera rassan giyayya a kai, har aka yi hanya zuwa inda muke. Wasu suka kama sarar ɓawon laka da hauya don a yi mata gangara. Aka ɗaura igiya aka gwada ja, ko gezau. Taɓon ya riƙe ƙafafunta kamar da hannu. Aka sake gwadawa, ta yi wani nishi mai tsawo, wuyanta ya saki, duk nauyin kanta ya dawo hannuna. Na ɗaga ido na ga ungulaye sun fara sauka a kan wata kuka.

Ƙanena ya rarrafo kan zana ya matso kusa da ni, wuƙa a hannunsa, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Yaya, mu yanka ta tun da rai. In ta mutu a haka, ba saniya, ba nama, ba fata. Mi za mu ce wa Inna?"

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce. Har wani mahauci ya iso, yana tsaye daga gefe yana gyara hannun riga. Na dubi wuyan saniyar, na ga inda jijiya ke bugawa a hankali. Na tuna akwai wani ran a cikinta. Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba.

Tsohon ne ya riga ni. Ya shigo taɓon har ƙugu, ya cusa hannu a kunnenta, ya ɗaga leɓenta ya duba dasashi. Ya ce wa ƙanena, "Ku Musulmi kukan ce mu ba mu ƙin mushe. To in haka ne, ni ke da riba in ta mutu, ga shi kuwa ni ke ce maka ka maida wuƙa kube. Gajiya ce ta yi, ba mutuwa ba. In na ga ta juya ido, ni da kaina zan ce ka yanka." Mutane suka yi dariya, har mahaucin. Ƙanena ya dube ni, na gyaɗa kai, ya maida wuƙar.

Daga nan tsohon ya hana ja. Ya ce a kawo ruwa. Mata suka yi layi daga bakin tabki ta inda ƙasa ke da yashi, tulu da ƙwarya na bin hannu-hannu. Maza suka riƙa zura sanda a jikin kowace ƙafa suna jujjuyawa, ana ɗura ruwa a ramin, ana cusa hannu ana kwashe laka, har taɓon ya tsinke ya saki. Da aka zo ɗaura igiya, matar tsohon, wata doguwar tsohuwa mai tsage a kumatu, ta daka wa masu ɗaurin tsawa: "Ba a ciki ba! Ba ku ga tana da ɗa ba? Ku sa a ƙirji, bayan ƙafafun gaba." Ta kwance gyautonta ta naɗe igiyar da shi don kada ta yanke fata. Aka zura wani kakkauran itace ta ƙarƙashin cinyoyinta, mutum biyu kowane gefe.

Wani mai babbar murya ya ba da baki, aka ɗaga aka ja gaba ɗaya. Ƙafar gaba ta fito da wata ƙara kamar an zare turmi daga caɓi. Aka huta, aka ƙara ruwa, aka sake. Sannu a hankali aka kwantar da ita a kan zana ta gefe guda, aka ja zanar da ita a kai har tudu. Ta kwanta ba motsi, baƙa ƙirin, ba mai cewa ja ce. Mata suka wanke ta, suna cire matsattsaku daga hantsarta. Tsohuwar ta dama dusa da ruwan ɗumi da ɗan kanwa ta kai mata baki. Ta shinshina, can sai muka ga harshe ya fito. Kafin la'asar ta yi sanyi ta tattara ƙafafu, aka tallafa mata, ta miƙe tana rawar jiki. Ƙanena ya juya baya yana share fuska. Mahaucin ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya saki hannun rigarsa ya tafi.

Sai a lokacin muka gaisa da tsohon yadda ya kamata, ya tambayi Inna da mutanen gida. Ya ce in zo in ga abin da masu sarar laka suka tono. Wani dunƙulen busasshiyar ƙasa ne kamar curin fura babba. Ya fasa shi a hankali, sai ga wata jaka kamar busasshen ganye, a ciki kuma kifi ne dogo, ya naɗe jikinsa, wutsiya a kan fuska. Gaiwa ce. Na sha cin ta busasshiya, ban taɓa sanin inda take rani ba. Ya ce in ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka ta yi wa kanta ɗaki, ta bar ƴar kafa ta shan iska, ta kwanta har ruwa ya dawo. Ya sa ta a ƙwarya ya zuba ruwa. Muna tsaye jakar ta jiƙe, abin da na ɗauka matacce ya miƙe, ya yi wani ɗan kuka kamar ƙwaɗo, ya kewaya ƙwaryar. Na daɗe ina kallonta.

Mun yi kwanaki a gidan tsohon. Bai bar saniya ta je bakin ruwa ba. Ya ce cikin da ya daɗe da yunwa in ya cika da ɗanyar ciyawa kumbura yake, kuma shanun da ke kiwo a ruwa marar zurfi inda ƙananan katantanwa suke, in an yanka su sai a tarar hanta ta lalace. Kullum da safe mukan yanko burugu mu baza a inuwa ya sha iska, mu ba ta kaɗan-kaɗan haɗe da ƴaƴan gawo. Salla kuwa, shi da kansa ya share mana wuri a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, ya hana awaki zuwa.

Wata safiya ya ɗauke ni a kwalekwale. Ya nuna mini zanen da ruwa ya bari a jikin bagaruwa da giyayya, sama da kaina ina tsaye. Ya ce da damina ruwa kan gangaro daga wajen garin Gabi, ja wur, ya malale ƙarƙashin itatuwan nan duka, kifi ya bi shi ya zuba ƙwai a cikin saiwoyi inda babba ba ya iya cin ƙarami. Ƙarƙashin itacen da balbelu ke kwana ruwan ya yi kore saboda kashinsu, ƙananan karfasa kuwa sun taru a wurin kamar an watsa tsaba. Guza ya faɗo daga reshe ya yi iyo ya wuce mu. In ruwa ya fara ja da baya, mutane na bin sa da shuka, mai rogo a sama, mai dankali a ƙasa da shi, mai taba da albasa a kusa da laima, shanun Fulani kuma su zo su ci abin da ya rage su bar taki. Ya ɗebo laka a tafinsa ya murza ya ce, "Ka ga wagga? Ƙasar gonakin tudu ce, irin naku. Duk wanda ya share gonarsa ƙal bai bar ko kalgo ba, ruwa ya kwaso ta ya kawo muna. Mu dai ba mu ƙi ba."

Akwai wani lungu da ya ƙi shiga, ya kewaye shi daga nesa. Ko ranar da aka yi su, wato kamun kifi na gayya, da garuruwan kewaye suka fito da homa da gora aka shiga ruwa ana ta hayaniya, aka fito da tarwaɗa da karfasa har kasuwa ta rasa mai saye, ba wanda ya doshi wurin. Na tambayi wani malami da muka yi salla tare, ya ce akwai kaburburan bayin Allah a gefen, ba a damun su. Na tambayi tsohon, ya ce na iskoki masu ruwa ne, tun kakanni ba a taɓawa. Na ce, "To Baba, wanne ne gaskiya?" Ya yi dariya ya ce, "Shi ya riƙe nasa, na riƙe nawa, ba mu taɓa faɗa a kai ba. Kifin da kuka ci yau dai daga can ya fito, can yake hayayyafa." A ranar na ci tarwaɗa ɗanya, dafaffiya da daddawa da barkono, da tuwon ƴaƴan bado wanda ban taɓa sanin ana yi ba. Ƙanena ya ci har ya kasa tashi sallar la'asar a kan lokaci.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi tsohuwar ta kira mu bayan gida. Saniya ta kwanta tana naƙuda. Wahalar taɓo ta sa abin ya zo da wuri, muka tsorata. Ta daɗe tana fama, ƙarfinta ya gaza, sai da tsohuwar ta shafa man gyaɗa a hannu ta kamo ƙafafun ta taimaka. Maraƙa ta faɗo, mace, ƴar ƙarama, ba motsi. Tsohuwar ta share mata hanci, ta soka mata tsinken ciyawa a ciki, ta yi atishawa. Uwar ta juyo ta fara lasa. Kafin azahar maraƙar ta tashi a kan ƙafafunta masu kama da kara tana laluben nono.

Kwana kaɗan bayan haka na fito da safe na ga shamuwa biyu a kan tsamiyar ƙofar gida suna jan kirare. Yaran gari na ta murna. Gabas kuma ta fara tara gajimare da yamma. Mu kuwa ko sassabe ba mu yi ba. Uwa da ƴa ba za su iya hanyar jigawa ba, can ma ba abin da za su ci sai ciyawa ta fito. Na sami tsohon na ce zan bar su wurinsa, kuma in Allah ya raya maraƙar, tasa ce, don ba don shi ba da ba ko ɗaya.

Ya ɓata rai. Ya ce, "Shekarar da ruwa ya cinye muna gonaki, ubanka ya auno mini gero a jaki bai tambaye ni komi ba. Yanzu ni zan karɓi maraƙa hannun ɗansa? Ka bar su su kwana a gonata su yi mini taki, ya isa. In ciyawa ta rufe ƙafar akuya a wajenku, ka zo ka kwashi abinka."

Tsohuwar ta ɗaure mana busasshen kifi da tushen bado a cikin kaba ta ce a kai wa Inna. Na je na shafa wuyan saniyar, tana tuƙa, ko kallona ba ta yi ba.

Dawowa ba ta yi wuya ba, tunda ba mai tsayar da mu. Muka bi gulbi, muka hau tudu a Safo, ƙasa ta sake komawa fara. A hanya ƙanena ya ce, "Yaya, da na yanka ta fa?" Na ce ni ma saura kaɗan in ce ya yanka, mu bar maganar.

Abin da na ƙaru da shi a tafiyar nan, na tafi ina ganin ƙasa duk ƙasa ce, wata dai Allah ya ba ta ruwa wata ya hana. Na dawo na san kowace da halinta, kuma mutanen tabki ba ruwa kaɗai suke da shi ba, sun san inda ake takawa da inda ake kewayewa, da abin da ake ɗiba da abin da ake bari. Mu ma a jigawa muna da namu abin bari, bana in muna sassabe zan duba kafin in sara. Na kuma ga mutanen da ba su san sunana ba sun shiga taɓo har wuya saboda dabbar da ba tasu ba.

Mun iso gida da la'asar. Inna na zaune a ƙofar ɗaki tana kaɗi. Ta ɗago ta ga ni, ta ga ƙanena, ta ga jaki, ta leƙa bayanmu ba ta ga kowa ba. Mazarin ya faɗi daga hannunta, ta fara salati. Na yi maza na durƙusa na ce, "Inna, tana nan da rai, ta haihu, mace." Ta dube ni, ta dubi ƙanena don ta tabbata, ya gyaɗa kai. Ta rufe fuska da gefen zane ta daɗe a haka. Da ta buɗe, ba ta tambayi hanya ba, ba ta tambayi gajiyarmu ba. Ta ce, "Ja ce kamar uwar?"

Na ce ja ce, da ɗan fari a goshi.

Ta ce, "To. Ku shiga ku sha ruwa."